Kwatan Inci a Tsohon Zagaye

Shekara goma sha tara Orville Gagnon ya yi yana gina ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasansa a ɗakin ƙarƙashin gidansa, can cikin Maine. Tsawon jirgin bai wuce kwanciyar mutum ba, amma nauyinsa ya fi na ƙarti huɗu. Kwal zai ci, ruwa zai sha, direba ya zauna a ɗan taragon da ke bayansa ya ja mutum goma ko fiye cikin daji, kamar dai sauran jiragen 'yan ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta garin.

Ba shi ya fara aikin ba. Yayansa Armand ne ya fara, a Michigan, inda ya ƙare ƙuruciyarsa a masana'antar mota. Armand ya fiƙe ƙafafu shida, ya matse su a sandunansu, ya haɗa ƙarfen gindi, sai zuciya ta tsaya masa wata safiya yana ɗaure igiyar takalmi. Bayan an binne shi matarsa ta ce wa Orville, ko ya kwashe ƙarafan nan ko ta kira 'yan gwangwan. Ya kwaso su a bayan a-kori-kura, kwana biyu yana tafiya da su.

Armand ne ya koya masa riƙon magagari tun yana ɗan shekara goma sha ɗaya, kuma da ranƙwashi ya koya masa. Saboda haka Orville, wanda yake da ma'aunin da ke gane kaurin gashin kai, wanda ko burodi matarsa ta yanka sai ya kalli kaifin yankan, bai taɓa ɗora ma'auni a kan abin da Armand ya gama ba. A gidansu ƙane ba ya bin bayan aikin wansa da awo. Ko ɗan layin gwajin da ya shimfiɗa a ɗakin ƙasa, ƙafafun ya ajiye tukuna, sannan ya jawo ƙarafan dogo ya ɗaure su daidai inda ƙafafun suka zauna.

Shekara shida ke nan da ya shiga ƙungiya. Gaskiya ɗaya ce, ba a ji daɗinsa ba. Kowace Asabar ta farkon wata ranar gyaran layi ce, kowa da kowa, har tsohon alƙali da likitan haƙori, sai ya durƙusa a tsakuwa ya sauya ruɓaɓɓen katako, ya ɗaure sukuru, ya bi dogo da sandar awo. Orville kan zo, amma a tsaye, da kofin kofi a hannu.

Merle Haskell, shi ne shugaban layi kuma mai duba tukwanen tururin jirage, ya taɓa miƙa masa sandar awon. Ya ce, "Karɓi nan, dattijo, ka taimaka mana da wancan kwanar."

Orville ya ce, "Shekara arba'in na yi a gaban injin fiƙe ƙarfe. Ban koyi aikin lebura ba, ba kuma yau zan fara ba."

Daga nan ya wuce wurin jirgin Dewey Kowalski ya ce masa fistin ɗinsa na kuka kamar tsohuwar ƙofa. Dewey direban motar makaranta ne da ya yi ritaya, baki gare shi kamar reza. Ya ɗaga kai ya ce, "Nawa dai yana kuka a kan dogo, yallaɓai. Naka fa? Ko har yanzu yana cikin ƙwai?"

Haka aka zauna shekara shida. Tukunyar jirgin kaɗai suka taɓa gani, ranar da ya kawo ta Merle ya cika ta da ruwan sanyi ya matsa mata famfo, ya zagaya ta da tocila yana neman ko ɗigo ɗaya. Bai samu ba. Ya sa hannu a takarda, ya ce, "Ban taɓa ganin ɗinki irin wannan ba." Orville ya ce ai ya sani.

A watan Agusta likitar ido ta gaya masa abin da ya riga ya sani. Tsakiyar ganinsa ne ke cinyewa. Fuskar mutum ta fara zame masa tabo, sai ya karkata kai ya kalle ta da gefen ido. Ta ce kafin dusar ƙanƙarar hunturu mai zuwa ta narke, ƙananan abubuwa za su ɓace masa gaba ɗaya.

A mota, matarsa Lorna ce ke tuƙi, don an riga an karɓe lasisinsa. Ta yi ta jira ya yi magana. Sai da suka kusa gida ya ce, "Gilashin ruwa."

Ta gane. Ƙungiya na da doka guda da ba a yi wa kowa sassauci a kanta: wanda ba ya ganin inda ruwa ya tsaya a ɗan gilashin tukunya, ba ya riƙe wuta. Tukunyar da ta ƙafe da wuta a cikinta fashewa take, ba ta san tsoho ba, ba ta san jikan da ke zaune a baya ba. Merle da kansa kan tsayar da mutum ya nuna gilashi ya ce, "Ina ruwa?" In ka yi inda-inda, ka sauka ke nan har abada. Ana rufe layi a ƙarshen Oktoba. In Orville bai tuƙa jirgin Armand a wannan kaka ba, ba zai taɓa tuƙa shi ba.

Ya ƙarasa abin da ya rage da gilashin ƙara girma da laluben yatsa. Lorna ce ta shafa lambar jirgin da fenti, yana tsaye a kanta yana mita.

Ranar Asabar ta biyu a Oktoba suka kai shi filin ƙungiya. Ganye ya yi ja ya yi ruwan ɗorawa, hayaƙin kwal ya kwanta a ƙarƙashin itatuwa, mata sun jera tukwanen gasasshen wake a rumfa. Da Lorna ta yi baya da mota zuwa teburin sauke jirage aka yaye tamfol, sai wurin ya yi tsit. Baƙi ne wuluk, tagullarsa na ɗaukar ido. Har Dewey ya cire hula.

Ya ce, "To, ƙwai ya fashe. Na janye rabin maganata. Rabin."

Mutum huɗu suka tura shi daga mota zuwa kan dogon ƙungiya. Ƙafafun hagu suka zauna. Na dama suka hau bisa ƙarfen suka tsaya, jirgin ya karkace kamar mai ɗingishi.

Orville ya ce, "Teburinku ne a karkace. Na daɗe ina faɗa."

Aka ja shi baya, aka sake turawa. Wannan karon na dama suka zauna, na hagu suka hau. Merle ya matso kusa. Ya zaro tef daga aljihu ya tsuguna, ya auna tsakanin ƙafafun, ya sake aunawa. Sannan ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa.

"Orville, a ina aka yi ƙafafun nan?"

"Michigan. Yayana ya yi su. In kana neman kuskure ka nema a wani wuri."

"Babu kuskure. Aiki ne mai kyau. Amma na layin yamma ne, inci bakwai da rabi. Mu nan bakwai da kwata muke."

Kowa a wurin ya san wannan. Tun zamanin kakanni mutanen gabas suka shimfiɗa nasu layin bakwai da kwata, na yamma suka yi bakwai da rabi, kowa ya kafe a kan nasa har yau. Shi ma Orville ya taɓa ji, kamar yadda mutum ke jin labarin cutar da yake ganin ba za ta kama shi ba. Jirgin gabas kan lallaɓa a layin yamma yana ɗan rawa. Na yamma kuwa ba ya shiga layin gabas ko da za a yi masa addu'a.

Dewey ya ɗauko sandar awon da ke jingine da rumfa, ya juya ta. Ga lambar nan an buga a jikinta da guduma, manya-manya, bakwai da kwata. Ita ce sandar da Merle ya miƙa wa Orville ya ƙi karɓa. Da ya durƙusa da ita sau ɗaya tak cikin shekara shida, da ya gani tun idonsa na da kyau. Dewey ya buɗe baki, kowa na jiran abin da zai fito. Sai ya dubi fuskar tsohon, ya rufe bakinsa, ya mayar da sandar inda take.

Merle ya ce, "Ana gyarawa. A warware shi duka, a zare ƙafafun, a rage kafaɗar sandunan, a mayar. Aikin hunturu guda ne. Ni zan yi maka, zuwa Mayu ka hau."

"Zuwa Mayu ba zan ga ruwa ba."

Ba wanda ya san da maganar idon sai a lokacin. Merle ya sunkuyar da kai.

Likitan haƙori ya ce ai akwai layin bakwai da rabi in aka yi yamma. Aka lissafa: tafiyar kwana biyu, su ma suna gab da rufewa, kuma sai nasu mai duban ya sake gwada tukunya. Lorna ta ce ita ba ta taɓa hawa babbar hanya da kaya irin wannan ba.

Orville ya ce, "Ko da akwai lokaci, ba mai sa wa aikin Armand wuƙa. Ku mayar mini da shi mota."

Suka mayar. Bai ci waken ba, bai yi wa kowa sallama ba.

Kwana shida jirgin na cikin mota a gareji, a rufe da tamfol. Orville bai sauka ɗakin ƙasa ba. Ya zauna a kujerar bakin taga yana kallon abin da ba ya gani sosai. Ba layin ya fi ci masa rai ba. Sandar nan ce. Mutumin da ya yi shekaru yana gaya wa mutane kuskurensu na kaurin gashi, ga shi kwatan inci guda, abin da makaho zai ji da yatsa, ya kayar da shi a gaban kowa.

Lorna ta gaji ranar Laraba. Ta ajiye masa miya da ƙarfi har ta fantsama.

"Shekara goma sha tara ina cin abinci da ƙurar ƙarfe a ciki. Ban yi haka don ka zauna kana ruɓewa kamar kabewar bara ba."

"Me kike so in yi?"

"Ka kira Merle."

"In ce masa me? Ya matse mini ƙasar Maine?"

Bai kira ba. Merle ne ya kira, ranar Juma'a da hantsi, kuma da Lorna ya yi magana. Ta ajiye waya ta ce gobe za su koma, an ce a zo da jirgin da kwal.

"Su sake yin dariya?"

"Ba wanda ya yi dariya, Orville. Abin da ya fi ba ka haushi ke nan. Sa rigarka mai kauri."

Da suka isa, Merle ya ɗaga wa Lorna hannu ta wuce teburin sauke jirage, ta bi wata 'yar hanya ta bayan rumfa zuwa tsohon zagaye. Wannan shi ne layin farko da waɗanda suka kafa ƙungiya suka shimfiɗa, yadi ɗari biyu, ya kewaye wani ɗan tafki ya dawo. Ba ya haɗe da babban layi, ba shi da mararraba ko ɗaya, an daɗe ba a kula shi sai ranar da yara suka yi yawa.

Mutum goma sha ɗaya ne a tsaye a wurin. Orville bai ga fuskokinsu ba, amma ya ga tsayuwarsu. Kowa a ɗan duƙe, wannan ya dafa ƙugu, wancan ya jingina da itace. Gwiwoyin wandunansu duk sun yi baƙi.

Aka sa katako daga bayan mota, aka gangaro da jirgin a hankali. Ƙafafu shida suka sauka a kan dogo, suka zauna daram, da wata 'yar ƙara guda ɗaya.

Orville ya tsaya. Ya tura jirgin da hannu, ya tafi sumul. Ya jawo shi, ya dawo.

"Me kuka yi?"

Dewey ya ce, "Aikin lebura, yallaɓai. Ba za ka gane ba."

Sai ga Orville Gagnon a ƙasa, gwiwa biyu a cikin tsakuwa, abin da ba a taɓa gani ba. Ya shafa katakon farko da yatsa. Ga sukuru a sabon wuri, ga tsohon raminsa a gefe. Ya matsa na biyu, haka. Na uku, haka. Sun kwance ƙarfen waje gaba ɗaya, sun tura shi kwatan inci, sun sake ɗaurewa, katako bayan katako, har zagayen ya haɗu. Shi mai lissafi ne, bai iya hana kansa ba: katako kusan dubu da ɗari takwas, kowanne sukuru biyu. Mafi ƙuruciya a cikinsu shekararsa sittin da ɗaya.

Merle ya ce, "Tun Lahadi bayan coci muke nan. Alƙali ya yi kwana biyu matarsa ta zo ta tafi da shi. Dewey ne ya yanka sabuwar sandar awo."

"Dewey?"

"Kada ka auna ta," in ji Dewey. "Na roƙe ka. Bar ni da mutuncina."

Orville ya sake shafa katakon. Ya daɗe a durƙushe, hannunsa a kan ƙarfen mai sanyi. Merle ya kama shi ya ɗaga.

"Tashi, rana na tafiya. Kuma kada ka ɗauka don mun ci wuya zan sassauta maka. Hura wutarka."

Ya cika tukunya. Ya jera 'yan itatuwan da ya jiƙa da kananzir, ya kunna, ya bi su da kwal kaɗan-kaɗan da ɗan shebur ɗin da bai fi cokalin miya ba. Hayaƙi ya fito fari, ya koma toka-toka. Aka yi ta jira, ana shan kofi, ba mai gaggawa. Can sai jirgin ya fara 'yar waƙa a cikinsa, allurar agogon tururi ta ɗaga, ta hau, ta hau, har bawul ɗin sama ya buɗe da tsawa ya watsa farin tururi cikin ganyaye.

Merle ya tsuguna kusa da shi, ya sa yatsa a gefen gilashin.

"Orville Gagnon, ina ruwa?"

Orville ya kalli gilashin kai tsaye, bai ga komai ba sai tabo. Ya karkata kai kamar kaza mai kallon shaho, ya kawo shi gefen ido. Ga shi nan, siririn layi mai rawa.

"Ya ɗan haura rabi."

Merle ya buɗe ɗan famfon ƙasa, ruwan ya faɗi, ya rufe, ya dawo.

"Yanzu fa?"

"Rabi cif. Kuma yatsanka na da maiƙo, kana ɓata mini gilashi."

Merle ya miƙe ya ce, "Hanya taka ce."

Aka jona masa taragun ƙungiya, Lorna ta zauna a na farko ta tattare siket. Merle na bayanta, sai likitan haƙori, sai sauran, kowa na nishi wajen zama. Dewey ya ɗare na ƙarshe yana cewa in abin ya tarwatse shi ne zai ba da labari. Orville ya ja igiyar usur sau biyu, ya tura sandar tururi kaɗan. Jirgin ya yi tari ɗaya, ya fesa ruwa ta gefe, ya yi na biyu. Ƙafafun da Armand ya fiƙe shekara ashirin da suka wuce suka juya a karon farko da ƙarfin wuta.

Ba gudu suka yi ba, mai sassarfa zai iya bin su. Amma da suka shiga hawan bayan tafki, nauyin tsofaffi goma sha biyu ya ja shi, sai muryarsa ta buɗe, bugu huɗu-huɗu, daidai wa daida, babu wanda ya fi wani. Orville ya ji shi a ƙashin bayansa. Ɗumin wuta na dukan gwiwoyinsa, garwashi na sauka a hularsa, idonsa na zubar da ruwa, ya bar shi a kan hayaƙi ne. Kowane rabin zagaye sai ya karkata kai ya nemi layin nan a gilashi, kuma kowane karo yana nan.

Daga baya Dewey ya ɗaga murya: "Kai direba! Fistin ɗinka ba ya kuka! Wane irin jirgi ne wannan marar fira?"

Sau goma sha huɗu suka zagaya, har kwal ɗin da ya zo da shi ya ƙare.

Da aka zubar da wuta, jirgin na hucewa yana 'yan ƙananan ƙara, Orville ya tsaya a gabansu da hula a hannu. Ya ce, "Ni ban iya irin wannan magana ba." Ya juya hular a hannunsa. Ya ce, "Da Armand na nan, zai ce aikinku ya yi." Duk wanda ya san shi ya san babu abin da ya fi wannan a bakinsa.

Sannan ya juya wajen Merle. "Yaushe za a mayar da dogon?"

"Asabar mai zuwa, kafin ƙasa ta daskare. Jiragenmu na rawa a kansa."

"Ƙarfe nawa?"

"Takwas."

Bakwai da rabi Lorna ta sauke shi. Da Dewey ya iso da kwalin soyayyen burodi mai sukari, ya tarar da shi a durƙushe a bakin tafki, ya ɗaure tsummokara a gwiwa, tsohuwar sandar awo na gefensa. Ba ya ganin kan sukurun, da yatsa yake lalubo shi ya ɗora sukundireba. Ya riga ya kwance katako goma sha biyu.

Dewey ya ce, "Sannu da aiki, lebura. Wa ya ɗauke ka?"

Orville bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Ajiye kwalin nan ka kama mini wancan bakin. Kuma wanda ya ɗaura wannan sukurun a karkace ya ɗaura shi."

"Ni ne."

"Na sani. Na gode."